Rimot Biyar a Jakar Burodi

Biyar ne a kan teburin Teodósio Varela,
jere kamar 'yan'uwan da ba sa ga-maciji:
na talabijin, na faifai, na akwatin sauti,
na majigin da ke rataye a silin,
sai wani siriri, toka-toka,
wanda tun rasuwar Graciete ba a san aikinsa ba.

Ita ta iya yarensu.
Da jan farce ta ɗiga wa kowanne shaida,
in dare ya yi ta danna su bi da bi,
ɗaki ya lumshe, bango ya kama magana.
Shi nasa ɓare lemo ne, ya miƙa mata rabi.

Shekara talatin da ɗaya yana jan tarago
a tuddan Porto, hawa da gangara,
bai taɓa ɓatan kai ba.
Yau ga shi ya ɓace a kan kujerarsa.
Ya danna wannan, hoto ya zo bebe,
ya danna wancan, ƙara ta cika gida
har ta saman bene ta daki daɓe da sandar tsintsiya.

Ran Talata, ana yayyafi,
ya zuba su duka a jakar burodi,
ya gangara shagon Ivo a bakin kogi.

"Ga na yayi, baba, fuskarsa gilas, shafawa ake."
Tsoho ya shafa, ya girgiza kai.
"A duhu nake kallo, yaro,
a duhu kuwa yatsa ne ido."

"To ga wanda ake yi wa magana."
"Wata takwas ina magana da abin da ba ya amsawa.
Ya isa."

"Ga mai araha, na'ura uku yake ɗauka."
"Araha ba ta ado. Wa zan kora a cikinsu?"

Sai Ivo ya durƙusa, ya lalubo wani daga ƙasan kanta,
baƙi, mai ɗan nauyi, ya cika tafin hannu,
madannansa da tudu kamar ƙwayar wake,
in an ɗaga shi su kawo haske,
batir biyu irin na tocila.
"Wannan ba ya zuwa da girman kai. Koyo yake."

Aka haɗa su goshi da goshi a kan kanta.
A danna tsoho, sabo ya ƙifta ja, ya haddace,
kamar ranar da Teodósio ya dafa hannun sabon direba
yana nuna masa inda birki ke fara ci.
Na talabijin ya ba da nasa, na faifai ya ba da,
na sauti ya ɗan yi gardama, aka sake.

Da aka zo kan siririn, Ivo ya juya shi.
Madanni ɗaya ya goge, rubutunsa ya tafi,
ya lotsa daidai faɗin babban yatsa.
"Ai na fitilun ɗaki ne wannan.
In ka riƙe nan, haske ya riƙa sauka sannu-sannu."

Tsoho ya yi shiru, ruwa na ɗiga daga hularsa.
Wata takwas da makunnin bango yake kashe wuta,
ɗif, duhu ya faɗo kamar an bugo ƙyaure.
Wancan duhun mai saukowa kamar magariba,
ya ɗauka da ita ya tafi.

"A koya masa wannan ma?"
"A'a. Huɗu sun ishe shi."

Ya biya, bai nemi ragi ba.
Huɗun ya bar su a kwandon shago,
da ɗige-ɗigen jan farcensu.

Da dare, sabo a dama, ya danna sau ɗaya,
majigi ya farka, sauti ya zo daidai wa daida,
ta saman bene ba ta ko motsa ba.
A hagu kuma siririn.
Yatsansa ya fi ramin girma,
amma ya zauna.

Haske ya fara sauka.
Ya ɓare lemo,
ya ajiye rabi a hannun kujera.