Ƙusa Huɗu

Ni na kafa shi da ƙusa huɗu,
tsakanin banɗakin 'yan mata da tukunyar kashe gobara.
Ranar na sha mita:
rufin ɗakin wasanni na yoyo tun bara,
amma kuɗin da gwamnati ta aiko
wai na maganin feshi a hanci ne.
"Yaranmu ne fa," na ce wa Pruitt, nas ɗinmu,
"ba masu kwana ƙarƙashin gadar kogin Ohio ba."
Ta dube ni ta saman tabarau. Ba ta tanka ba.

Ƙanƙara ta sauka, ta narke.
Duk Juma'a ina goge akwatin kamar hoton mamaci.

Sai wata Talata, bayan ƙararrawa ta uku,
takalmi ɗaya ya leƙo ta ƙasan ƙofa.
Marnie ce, mai busa sarewa,
leɓɓanta kamar an tsoma su a baba.
Rabin ƙwaya, in ji ƙawarta, don ciwon haƙori.

Hannun da ya saba da tsintsiya da sifana
ya kasa yage leda.
Na sa haƙori. Na fesa.
Ƙirgata ta ɓace a sha tara,
Pruitt na hura mata numfashi.

Da ashar ta farka,
ta kelaya mini amai a ƙafa.
Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Da yamma takardar gwamnati ta tambaya:
guda nawa aka yi amfani da shi?
Pruitt ta rubuta ɗaya.

Rufin na nan yana yoyo.
Na ƙara bokiti,
na ƙara wa akwatin ƙusa ta biyar.