Haƙori Tamanin da Bakwai

Piyanon yana da haƙori tamanin da takwas.
Ɗaya ya mutu tun shekarar da aka rufe masaƙa,
Habila Bobai kuma ya hana a gyara.
Ya ce giɓi ba ya hana dariya.

Mun shiga tsohon kulob ɗin ma'aikata a Kakuri
bayan sha ɗayan dare,
da mai walda na bayan katanga ya kashe janareta.
Na kafa makirfo biyu,
na ɗaure na uku da roba a ƙafar kujera.
Na ce, Baba, mene ne sunan na farko, in rubuta?
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Da na sani, me zai fito da ni da daren nan?"

Ya murza yatsu. Ya daɗe yana kallon katakon
kamar mai jiran a amsa masa sallama.

Hannun hagu ne ya fara tafiya,
tafiyar masu aikin dare in an tashi,
takalma dubu a kan kwalta, ba mai magana.
Na dama ya biyo baya yana tsokana,
ya taɓa nan, ya fasa, ya koma,
ya ɗauko wata waƙar coci ta ƙauyensu
ya juya ta ciki waje kamar aljihu,
ya kakkaɓe,
sai ga jaz ya zubo.

A na uku aka tsuge da ruwa.
Agusta ce, rufin kwano ne, ta ina za ka roƙe shi?
Na ɗaga hannu a tsaya.
Bai ko kalle ni ba.
Ya matsa wa ruwan wuri, kamar a benci,
suka zauna tare minti tara.

Na huɗun shi ne wanda ba na iya ba da labarinsa.
Akwai wurin da ya yi shiru daƙiƙa goma sha ɗaya.
Na ƙirga daga baya.
Yatsana har ya kai kan maɓallin kashewa,
sai na ji ya danna mataccen haƙorin,
ɗuf,
katako a kan ƙyalle, ba amo.
Ya sake. Ɗuf.
Sau biyar, a hankali,
irin ƙwanƙwasar wanda ya san ba kowa a ɗakin.
Matarsa Tabita ta yi shekara ashirin a sashen zare.
Wannan ni na faɗa, shi bai ce komai ba.

Da asuba ta kusa, ladan ya shigo ta taga
a ƙarshen na bakwai.
Baba ya sassauta, ya ba shi hanya,
ya rufe murfin, ya nemi ruwan zafi.

A situdiyo na ce zan share tarin da ya yi,
da kukan kujera, da karen layin dogo.
Ya ce, "In ka share su, wa zai shaida na zo?"

Faifai ɗari biyu muka buga.
Sha tara aka saya.
Sauran suna kwali a ƙarƙashin tebur ɗina a Barnawa,
ina ɗora ƙafa a kai.

Wata mata ta zo har gida
tana so ya kaɗa mata na huɗun a bikin 'yarta.
Ya ce, "Ai wannan ya tafi, ranki ya daɗe,
ban karɓi adireshinsa ba."

Yanzu hannun damarsa rawa yake yi,
cokali ma sai da dabara.
Ni kuwa in cunkoso ya tsayar da ni a kan gada,
kogin ya cika yana jan ciyawa a ƙasa,
masu keke suna ta oda,
nakan ɗaga gilashi, in kai na huɗu,
in ƙirga sha ɗaya,
in jira.