Ajin Asabar a Zuru

Shekara talatin ina kan bagadi,
na ɗauka ni da allo mun yi sallama.
Sai ga ni ran Asabar a Zuru,
babur jingine a gindin darbejiya,
gwiwata na karo da bencin yara.

Malamin namu Dantani ne.
Ni na tsoma shi a rafi ranar baftisma,
yana rawar ɗari, yana riƙe da rigata.
Yau alli na hannunsa,
ni ke ɗaga yatsa.

A damana Rifkatu mai daddawa,
warin kalwa bai saki zaninta ba.
Ita ta jefo abin da na daɗe ina kewayewa:
"Mun kwana addu'a, mijina bai dawo daga gona ba.
Maƙwabcinmu ko amin bai ce ba, ga shi yana sussuka.
A wace aya aka ajiye wannan?"

Aji ya yi tsit.
Na laluba tsofaffin wa'azina,
na tarar gara ta riga ni.
Na tuna gidajen makoki
da amsoshin da na bayar
don in samu in tashi.

Dantani bai yi gaggawa ba.
Ya ce, "Baba, Mama, mu sake buɗewa."
Muka karanta har hadari ya haɗo ta Dabai.

Gobe Lahadi.
Aljihuna ba wa'azi,
sai tambayar mai daddawa.
Rijiyar da na ce na ga ƙasanta,
ashe igiyar gugana ce gajera.