Harafi Ɗaya

Ruwan tsatsa ƙarƙashin motar Sallau,
ɗigo uku da hantsi,
kafin la'asar ya jiƙa ƙasar Ƙofar Ƙaura.

Na kwanta bisa kwali, na haska tocila.
Famfon ruwa ne ke hawaye.
Sau biyu na canza shi bana,
sau biyu Sallau ya ce hannuna ne.

Yau sabo ya iso:
farfelar roba ta koma ƙarfe,
lambar jikinsa ta sauya harafi ɗaya.
Ashe can inda aka ƙera shi
wani ya gano kuskurensa,
ya gyara shiru, ko ban haƙuri babu.

Na ɗaure noti na ƙarshe.
Harafin nan ya wanke ni,
sai dai Sallau bai yi boko ba.