Rada da Raɗa

Kulu, rufe littafin nan ki fito ƙofar gida,
jemagu sun taso daga rimin bayan masallaci.
Kin tambaye ni me na yi shekara ashirin da shida a teku,
ni ɗan Daura da bai san ruwan da ya fi kududdufi ba
sai da ya fara gemu.
Ga amsar can tana shawagi bisa kanmu.

Wannan ƙaramin bai dogara da ido ba.
Ƙara yake jefawa cikin duhu,
ta bugi katanga, ta bugi sauro, ta komo masa,
daga jinkirinta ya san nisa.
Aikina ke nan.
Rada sunan na'urar, ba raɗa ba, daina dariya,
ko da yake ita ma ba ta ɗaga murya.

Ɗaki ne mai sanyi a cikin jirgi, babu taga,
faifai kore, zaren haske na kewaya shi
kamar muciya a tukunya.
Duk abin da ke bisa ruwa ɗigo ne.
Jirgin mai ɗigo, kwalekwale ɗigo,
hadari ya zo da nasa kamar an watsa gero.
Can ƙarƙashinmu kuma akwai kunne a jiƙe,
yana jin farfela tun ido bai ga hayaƙi ba.

Amma mai tocila a daren duhu, Kulu,
taku goma yake gani,
shi kuwa ana hango shi daga bayan gari.
Shi ya sa wani dare mukan kashe komai,
mu zama kunne zalla,
mu bar mai surutu ya faɗi inda yake.

Akwai yaƙin da ba a jin ƙarar bindiga.
Kin san gidan biki in an ƙure lasifika,
uwarki na kiranki daga zaure, ba ki ji?
Haka ake toshe wa rada kunne.
In kuwa an sako maka kibiya mai ido,
sai ka sheƙa mata ƙaiƙayin ƙarfe a iska,
ta bi ƙaiƙayi, ta bar tsaba.
Na ce wa Tamuno, abokin zamana,
matan garinmu sun riga Turawa wannan dabara
da faifai da ƙwarya a bakin masussuka.

Wani dare ɗigo ya bayyana, mil bakwai, yana matsowa.
Muka yi masa sallama irin ta na'ura:
wane ne? namu ne?
Shiru.
Mil biyar. Kwamanda na tsaye a bayana, ina jin numfashinsa.
Na ce, ranka ya daɗe, tafiyarsa ba ta mai niyya ba ce,
igiyar ruwa ke jan sa.
Mil uku, gumi ya jiƙa min wuya a cikin sanyin nan.
Da gari ya waye, masunta huɗu ne da yaro,
inji ya mutu, kwana biyu ba ruwan sha.
Yaron bai kai ki tsawo ba.

Tun ranar ba na yi wa shiru saurin fassara.

Yanzu ga ni, rediyon mutane nake gyarawa a bakin kasuwa,
kunnen hagu ya yi ritaya kafin na dama.
Wani lokaci da asuba nakan manta,
in ce, Yalwa, ina butata?
In tsaya ina ƙirga,
yadda aka koya min,
ɗaya, biyu, uku,
ko kiran zai bugi wani abu ya komo.

Kakarki ta wuce iyakar faifaina.

Tashi ki shiga, sauro ya yi yawa.
Jemagu sun ji shi tun kafin mu.