Saura Talatin

Shekara sha tara ina sauke buhun gyaɗa
a matatsar mai ta bayan tasha.
Ran wata Talata tarin buhu ya rufto mini,
na ji ƙas a gadon baya
kamar an taka busasshen karan dawa.

Lokotoron babbar likita ya soka mini allura a tafin ƙafa.
Ka ji, Barmo?
Na ce ban ji ba.
Ya rubuta ɗari bisa ɗari, ya buga hatimi.
Na kamfani ya zo da tabarau da abin gwaji,
ya sa na damƙi yatsansa,
ya ce saba'in ne, ai hannun na motsi.

To saura talatin, ina suka maƙale?
Na laluba tun daga ƙeya har ƙugu.
Wai zan iya gadi.
Gadin me? Ɓarawo ya shigo in bi shi da ido?
Wai in kasa goro a bakin titi.
Wa zai kai ni bakin titin?

Muka ɗaukaka ƙara.
Dosiye ya hau mota ya tafi Damagaram,
ya je, ya dawo, ya sake komawa,
takarda ta fi mai ita ƙafa.
Damina uku gulbi ya cika ya janye.
Mun sai da tunkiya, mun sai da keke,
Laminu ya bar lakkwal ya kama turin baro a Kadro.

Lauyansu ya ɗaga wani hoto:
ga ni tsaye ranar sunan jikata, har da dariya.
Hoton bai nuna hannun Nomau ba
da ya riƙe ni ta ƙarƙashin riga,
bai nuna kwana shidan da na yi a kwance bayan nan ba.
Dariyar dai tawa ce, ban musa ba.

An ɗage zama sai bayan salla.

A Bagalam, in dare ya raba,
Tsahara ke tashi ta juya ni,
sau uku kafin kiran assalatu,
ta canza zane, ta zubar da tasa,
ta shafa mini man kaɗe inda katifa ta ci.
Ita ta san nauyina,
ita ta san lissafin nan har ɗigo.
Ba wanda ya aiko mata da sammaci.