Fatun da Suka Dawo

Fatu ɗari huɗu na Buda majemi
sun tafi da azumi, sun dawo bayan Sallah,
ɗaure yadda ya ɗaure su,
da takarda mai jan layi a wuya.

Ɗiyarsa Altine ta karanta masa:
wuƙa ta ci wasu tun wurin fiɗa,
kuma babu hatimin da mai saye ya yarda da shi.

Buda ya ce, hatimi?
Kakana ya jeme fatar da ta ƙetare hamada.
Hancinsa ne ma'auni,
bagaruwa ce shaidarsa.

To Buda, kasuwa ta yi faɗi.
Mai saye na inda warin Majema ba ya kaiwa,
bai san kakan kowa ba.
Takalmin roba kuwa ya shigo Sakkwato ba sallama,
ya baje a Tsohuwar Kasuwa.

Bara hukuma ta zo da lasifika,
an sha lemo, an ɗauki hoto,
aka raba jaka mai tambari.
Altine na zuba allura cikinta.

Ba jaka muka roƙa ba.
Ɗakin gwaji muke so kusa da mu,
da mai duba wuƙar mahauci tun asuba a kwata,
da hatimin da ba ya sayuwa
ko ƙanen mai hatimi ya kawo kaya.

Yau Buda ya kwance ɗaurin,
yana ɗaga su ɗai-ɗai ga rana.
A ta goma sha bakwai
haske ya ɓullo ta hujin.
Ya daɗe bai sauke hannu ba.